Sarewar Hannun Hagu

Maman Lawali ya yi shekara ashirin da takwas yana busa kilarinet a fanfar, ƙungiyar mabusan soja, kafin ya aje aiki ya komo Maradi. Gidansa yana unguwar Zariya, ɗaki biyu da rumfa da iccen bedi guda a tsakar gida. Matarsa Tsahara ta rasu shekara huɗu bayan dawowarsu. Ɗiyarsu ɗaya, Tahira, tana aure a Agadas, takan kira shi ranar Juma'a in ba ta manta ba. Sauran ranaku kuwa, in ka cire gaisuwar masallaci da ta mai kosan bakin layi, yakan wuni bai yi magana da kowa ba.

Abin da ya rage masa shi ne koyarwa. Yana koyar da kilarinet, yana kuma koyar da sarewa, wadda ita ya fara busawa tun yana yaro a Tsibiri. Ba shi da lakwal, wato makaranta, ba shi da allo a ƙofar gida. Wanda ya ji labarinsa ya zo, ko kuma shi ya hau tsohon motonsa mai ƙafa biyu ya je gidan mutum.

Hanyarsa ce ke korar mutane. Sabon ɗalibi ba ya taɓa abin busa sai ya yi wata guda. Maman Lawali zai aje masa kofin ruwa da siririn kara mai rami, ya ce ya hura a hankali, kumfar ta riƙa tashi daidai ba yankewa. In wata ya cika ya ba shi sarewa, amma murya ɗaya tak zai riƙa busawa har wani watan. Yakan ce wanda bai san inda numfashinsa yake ƙarewa ba, waƙa ba za ta zauna masa ba. Samarin da ke son shiga orkes, ƙungiyar makaɗan biki, sukan zo sau biyu ko uku su ɓace. Ma'aikatan da ke kawo 'ya'yansu sukan tambaya yaushe za a fara abin da aka zo yi. Bai taɓa sassautawa ba, haka aka koya masa a bariki. A shekarar da wannan abu ya faru ɗalibinsa na ƙarshe, wani mai gyaran rediyo da ake kira Muhammad Auwal, ya ce aiki ya yi masa yawa, bai sake zuwa ba.

Ko a gida ba ya busa da ƙarfi. Wani maƙwabci ya taɓa yi masa magana cikin ladabi, ya ce sautin yana shiga har inda yara ke karatu. Tun daga ranar sai ya rufe ƙofar ɗaki ya busa ƙasa-ƙasa, kamar mai satar abin kansa.

Wata Talata da hantsi yana zaune ƙarƙashin bedi yana goge kilarinet, aka yi sallama. Mace ce mai kimanin shekara talatin da biyar, da farar rigar aiki a ƙarƙashin mayafi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce sunanta Hidaya, infirmiya ce, ma'aikaciyar jinya, a wani ɗan asibiti a Sabon Gari.

"Baba, na zo ne kan maganar mahaifina," in ji ta.

Mahaifin nata, Alhaji Zakariya'u, direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya, ya yi shekara kusan arba'in a hanyar Kwatanu. Wata bakwai da suka wuce tansiyo, wato hawan jini, ta buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Kalma ɗaya ta rage a bakinsa, "to". Yanzu yana gidansu na gado a Jiratawa tare da ƙanwarsa. Likita ya ce a riƙa sa shi yana hura abu don leɓe da ƙirji su motsa. Sun kawo masa balan-balan, ya jefar.

Maman Lawali ya ce, "Ni ba mai magani ba ne, ɗiyata."

"Na sani, Baba. Amma da yana yaro ya yi kiwo, ya busa sarewa. Duk tahiyar da ya yi, akwai kaset ɗin sarewa a motarshi. Na ce ko wannan zai karɓa."

"In na karɓe shi, yadda nake koya ma kowa haka zan koya mishi."

Ta ce ta yarda.

Ranar Alhamis ya ɗaure jakarsa a bayan moto ya kama hanyar Jiratawa. Gidan yana gefen gari, bayansa lambu ne na zogale da albasa, ruwa na bin ƙaramar hanya tsakanin fangaloli. Ya tarar da Alhaji Zakariya'u a kujerar roba ƙarƙashin mangwaro, ƙaton mutum da jiki ya zube, hannun dama a kan cinya kamar an aje masa shi. Ƙanwarsa Tabawa ta kawo tabarma da ruwa ta koma ciki.

Maman Lawali ya gaishe shi. Alhaji ya ce, "To."

Maman Lawali ya ɗauko kofi ya zuba ruwa, ya sa kara a ciki, ya nuna masa yadda ake yi, sannan ya miƙa masa. Alhaji Zakariya'u ya dubi kofin, ya dubi mai kofin. Ya ɗaga hannun hagu ya kaɗe shi, ruwan ya zube a wandon Maman Lawali.

Ba wanda ya taɓa yi masa haka. Ya tsince kofin, ya kakkaɓe, ya mayar jaka. Ya yi sallama da Tabawa daga nesa ya hau motonsa. A hanya yana ta shirya abin da zai gaya wa Hidaya. Amma da ya iso gida ya ga wandon ya riga ya bushe, fushin ma ya tafi, sai hoton abin da ya gani a gidan ya tsaya masa: an ɗaura wa mutumin tsumma a wuya saboda yawu, an aje masa cokalin roba a kwano, Tabawa kuma tana yi masa magana da ƙarfi kamar kurma. Mutumin da ya yi ta tuƙa motar kaya mai tan talatin daga bakin teku zuwa Maradi. Shi kuma ya je ya miƙa masa kara ya ce ya yi kumfa.

Alhamis ta gaba ya koma ba tare da kofi ba. Ya yi gaisuwa, ya zauna a tabarma. Ya zaro sarewarsa ya busa wani tsohon take da makiyaya ke yi in za su kora shanu gida. Rabon da ya saki sautinsa a fili haka har ya manta. Mata biyu da ke tsinkar zogale suka miƙe tsaye suna kallo.

Da ya gama, Alhaji Zakariya'u ya miƙo hannun hagu.

Maman Lawali ya goge bakin sarewar da gefen riga ya ba shi. Mutumin ya karkata ta a baki yadda masu yi suke yi, ka san ya taɓa sani. Ya hura. Iska ta fita ta gefen leɓen da ya saki, ba sauti. Ya sake. Ya sake har jijiyar wuyansa ta tashi. Ko da sautin ya fito, ramukan huɗu ne, hannu biyu suke so. Ya aje sarewar a cinya a hankali, ya juya fuskarsa wajen katanga. Har Maman Lawali ya tashi tafiya bai juyo ba.

Kwana biyu yana tunanin abin. A na uku ya hau moto ya nufi Tsibiri, wajen Dogo.

Dogo abokin yarintarsa ne, mahaifin Dogo ne ya fara sa masa sarewa a baki. Gidansu ba su bar al'adar kakanni ba, har yanzu Dogo ne ke busa in ana wasan bori a ƙauyukan gefen gulbi, shi ne kuma ke sassaƙa sarewa. Maman Lawali ya yi shekara tara bai taka gidan ba. Ba faɗa suka yi ba. Ya dawo birni yana neman zama da mutanen layinsu, ya ga zuwa can ba zai taimake shi ba, sai ya daina. Mutanen layin kuma ba su jawo shi jiki ba duk da haka.

Ya iske shi a inuwar rumbu yana gyaran fartanya, ya ƙara tsawo saboda rama. Dogo ya ɗaga kai ya dube shi.

"Soja. Ashe kana da rai."

"Ina da shi, Dogo."

"Uwani, kawo ruwa, ga baƙo daga nesa. Daga Maradi ya taso, shekara tara yana tahiya."

Matar ta fito tana dariya, ta kawo fura. Maman Lawali ya sha, ya rasa ta inda zai nemi gafara, sai kawai ya faɗi abin da ya kawo shi. Dogo ya saurara, ya tambayi wane hannu ne mai aiki, yatsun suna lanƙwasa duka ko kuwa, leɓen ya saki ƙwarai ko kaɗan.

"Sai a yi mata baki irin na usur," in ji shi. "A toshe da kakin zuma a bar hanya siririya, ko yaya ya hura za ta yi kuka. Ramu ukku a kusa da juna. Babban yatsa da ƙarami su riƙe."

"Ba za ta zama sarewar gaske ba."

"Ba za ta zama ba."

"Kuma bai yi watan numfashi ba. Ni ban taɓa ba mutum abin busa bai yi shi ba."

Dogo ya aje fartanyar. "Shekarunshi nawa?"

"Zai yi saba'in."

"To wane wata gare shi da zai ba ka?"

Ya shiga ɗaki ya fito da guntayen gora, ya zaɓi ɗaya, ya sa ƙarfe a wuta. Suka wuni a nan. Ta farko ta tsage, ta biyu muryarta ta yi kaifi, sai ta uku ta zauna. Tsakanin haka suka yi ta lissafa waɗanda suka yi yarinta tare, yawancinsu sun rasu. Da zai tafi Dogo ya raka shi har bakin hanya, bai ce ya dawo ba, shi ma bai yi alkawari ba.

Ranar da ya kai sarewar, Alhaji Zakariya'u ya juya ta a hannu ya duba ramukan, ya gane don shi aka yi. Ya sa a baki ya hura. Sautin ya fito, siriri, yana rawa, ya yanke. Tabawa ta leƙo daga ƙofa. Ya sake hurawa, wannan karon ya ɗan daɗe. Yawu ya zubo masa, Maman Lawali ya kawar da kai har ya goge da kansa.

"Yanzu ka rufe na sama da manuni," ya ce masa, da muryar da yake yi wa kowane ɗalibi. "A'a, da tsokar yatsa, ba da kai ba. Sake."

"To."

Daga nan suka tsayar da Alhamis da Lahadi, bayan la'asar. Maman Lawali bai koma kan kofi ba, amma bai bar numfashin ba, sai ya ɓoye shi cikin waƙa. Zai busa layi guda gajere, Alhaji ya mayar masa. In ya ga ƙirjin ya fara ɗauka sai ya ja muryar ƙarshe ta yi tsawo, mutumin ya bi shi bai san aiki ake ba shi ba. Ko kuma ya sani, ya ƙyale. Akwai ranakun da ba ya son komai, ya riƙe sarewar kawai yana kallon masu ban ruwa. A irin ranakun Maman Lawali ba ya matsa masa, sai ya zauna.

Cikin zaman nan ne ya fara magana. Da farko labarin bariki, yadda suka taɓa tsayawa awa huɗu a rana suna jiran wani baƙo har kakin da ke riƙe fatun kilarinet ya narke. Daga baya ya shiga abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya ce Tsahara ba ta taɓa son kilarinet ba, ta ce kukanta kamar na agwagwa mai mura, amma in ya ɗauki sarewa takan bar abin da take yi. Ya ce ranar da za ta rasu yana Dan Isa wajen wani ɗalibi, ya dawo ya iske an rufe ta da zane. Alhaji Zakariya'u yana sauraro, idonsa a kansa. Wani lokaci ya ce "to", wani lokaci ya ɗaga sarewar ya busa murya ɗaya ƙasa-ƙasa ya sauke.

Wata biyar suka yi haka. Zafi ya wuce, aka yi shuka. Alhaji ya iya taken makiyayan nan daga farko har ƙarshe, a muryoyi huɗun da sarewarsa ke iya bayarwa, yana tsayawa sau uku ya ja iska. Leɓen ya ɗan tattaru, an daina ɗaura masa tsumma. Magana dai ba ta dawo ba. Hidaya takan zo wata Lahadin ta zauna nesa kaɗan tana kallo. Maman Lawali ya lura cewa tun Laraba yake duba man moto, yana goge takalmi.

Wata Alhamis ya tarar da farar mota a ƙofar gidan. Babban ɗan Alhaji ne, Sha'ibu, ya zo daga Yamai inda yake aiki. Ya tare shi a zaure, ya gaishe shi da girmamawa, hannu biyu.

"Baba, mun gode ƙwarai. Hidaya ta hwaɗa mini ƙoƙarin da kuka yi. Na samu wani likita a Yamai mai aikin maido da magana, na kuma gyara mishi ɗaki a gidana. Asabar za mu tahi."

"Madalla. Allah shi sa a dace."

"Amin," in ji Sha'ibu. "Ita wannan busar, ban sani ba ko can za ta yiwu. Kun san mutum ne mai shekaru, ya je Makka, ga baƙi suna shigowa. Amma dai mun gode."

Maman Lawali ya ce ya gane. Ɗa ne ya zo ɗaukar ubansa zuwa inda ya fi.

Ya shiga lambu. Alhaji yana kujerarsa, an yi masa aski, an sa masa sabuwar riga. Sarewar tana hannunsa. Suka yi darasin kamar kullum. Maman Lawali ya gyara masa riƙon ƙaramin yatsa sau biyu, ya sa shi ya maimaita layi na uku har sau shida, don nan ne yake gaggawa. Bai ambaci tafiyar ba sai da rana ta yi ƙasa, ya tashi yana naɗe tabarma.

"Alhaji, na ji za a tahi. In ka je, ko sau ɗaya a yini ka busa. Kada ka bar ta a rana, kakin zai narke."

Mutumin ya sa sarewar cikin aljihun gaba, ya kama hannun Maman Lawali da hagunsa. Riƙon yana da ƙarfi, riƙon mai sitiyari. Bakinsa ya yi ta motsi, yana neman wani abu da ba "to" ba. Maman Lawali ya tsaya yana jira. Abin bai fito ba. A ƙarshe ya sake shi.

Lahadin da ta biyo ya rasa abin yi da la'asar. Ya share tsakar gida duk da ba datti, ya zauna, ya tashi. Ya buga wa Tahira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Bayan sati shida Hidaya ta zo, daga wurin aiki, a kan kabu-kabu. Ta ce jikin Baba da sauƙi, likitan yana ƙoƙari, an samu kalma biyu ko uku. Sannan ta ciro waya.

"Matar Yaya Sha'ibu ce ta turo mini. In Yaya ya tahi aiki, sai shi hito bayan gida shi yi abinshi. Ita ba ta hana shi."

Ta danna. Aka ji ƙarar mota daga nesa, da kukan wani yaro, sannan sarewar. Maman Lawali ya sunkuyar da kai ya saurara har ƙarshe. Ya ce ta sake sawa.

"Yana gaggawa a layi na ukku," ya ce. "Kuma ya koma jan iska a tsakiyar layi."

"In ɗauki muryarku in tura mishi?"

Bai taɓa yin irin wannan ba. Ta riƙe masa wayar kusa da baki, ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Alhaji, Lawali ne. Na ji busarka. Ta yi kyau." Ya tsaya, ya dubi Hidaya, ta yi masa alama ya ci gaba. "Layi na ukku, kada ka yi sauri, ba wanda ke korar ka. Ka ja iska kahin ka shiga, ba a tsakiya ba. Ga shi, saurara."

Ya ɗauko sarewarsa ya busa layin sau biyu a tsakar gida, da cikakken sauti. Da ya sauke ya ƙara da cewa, "Zogalen Tabawa ya yi kyau bana. Shi ke nan. Sai na ji ka."

Saƙo ya sake zuwa sau biyu ta hannun Hidaya, ya amsa duka biyun. A na biyun layi na uku ya zauna daidai, ya kuma faɗa masa haka. Bayan girbi aka canza wa Hidaya wurin aiki zuwa Dakwaro. Ta zo ta yi masa sallama, ta rubuta masa lambar matar Sha'ibu a takarda. Wayarsa ƙarama ce, ba ta karɓar irin waɗannan saƙonni, kuma ya ga bai dace ya riƙa kiran matar mutum ba alhali mijinta bai so abin ba. Ya ninke takardar ya sa cikin akwatin kilarinet.

Daga baya ya haɗu da Tabawa a kasuwa ta kawo albasa. Ta ce Alhaji yana nan da rai, har yana iya kiran sunan jikokinsa. Ya tambaye ta ko yana busa har yanzu. Ta ce wallahi ba ta sani ba, ba ta tambaya ba. Ta zuba masa albasa a leda ta ƙi karɓar komai, ya yi godiya, ya rataya ledar a hannun moto ya tura shi cikin cunkoso har bakin gudron, titin kwalta.